Yaƙi da garmani: a tumɓuke shi, a mayar da ciyawa gurbinta

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, duk wanda ya bi babbar hanya daga Ƙonni zuwa Maraɗi, ko daga Tasawa zuwa Damagaram, a cikin watan Agusta, zai ga daji ya yi kore shar dama da hagu. Baƙo in ya gani sai ya ce bana dabbobi sun huta. Makiyayi kuwa sai ya girgiza kai, domin ya san da yawa daga koren nan garmani ne. Saniya takan ratsa cikinsa tun hantsi har azahar, ta fito cikinta a lafe kamar wadda ba ta je kiwo ba.

Garmani ya mamaye burtali da filayen kiwo da hurumin garuruwa a wurare da yawa na jihohin Maraɗi, Tawa, Damagaram, Doso da Tilaberi. Wasu suna ce masa hatsin Makka. Zabarmawa suna kiransa kongoriya. Masana tsirrai suna rubuta sunansa Sida cordifolia, kuma mun kawo wannan suna ne saboda wanda zai ci karo da shi a takardun malaman gona. Garuruwa da dama sun riga sun yi gayya sun cire shi, amma da damina ta zagayo sai ga shi ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. Har wasu suka fid da rai, suna cewa ba shi da magani. Yana da magani. Sai dai cirewa rabin aiki ce kawai. Ƙasar da aka bari tsirara, garmani ne yake fara komawa cikinta. Dole a shuka ciyawa a gurbinsa, a kuma tsare ta har ta kafu.

Mu fara sanin shi

Garmani dangin kuɓewa ne da rama da yakuwa da auduga. Ku dubi furensa: ƙarami ne, rawaya, amma ƙirarsa irin ta furen kuɓewa ce. Ganyensa mai faɗi ne ta wajen gindi, kuma yana da gashi mai laushi sama da ƙasa. Tsayinsa yakan kai gwiwa ko ƙugun babban mutum, a ƙasa mai taki har ya zarce. Saiwarsa tana nutsewa tsaye cikin ƙasa, shi ya sa yake jure ƙarancin ruwa lokacin da ciyawa ta fara yaushi. Wanda ya sare shi da adda daga sama bai kashe shi ba. Kututturen zai toho, ya fito da rassa fiye da na farko.

Ƙarfinsa na gaskiya yana cikin ƴaƴansa. Gindi ɗaya yana zubar da iri mai ɗimbin yawa. Idan ɗan ya bushe sai ya tsage gida-gida, kowane gida da ƙwaya a ciki da ƴan ƙayoyi biyu a kansa. Da ƙayoyin nan yake maƙalewa a gashin tumaki da wutsiyar shanu da bakin zane da ƙafar wando. Da rani kuma, in yunwa ta matsa, awaki da tumaki sukan ci busasshen ganyensa haɗe da ƴaƴan. Ƙwayar tana da tauri, ba duka ciki yake narkarwa ba, sai ta fita cikin kashi. Ta haka dabba take ɗauko shi daga burtali ta kai bakin rijiya, ta kai turke. Daga turke kuma mu da kanmu muke kwashe shi cikin taki, mu loda a amalanke, mu kai gona.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe: ƙwayoyin da suka zube ba su tsirowa duka a shekara guda. Wasu su fito da ruwan farko, wasu sai tsakiyar damina, wasu su kwanta a ƙasa har baɗi ko bayan baɗi. Filin da garmani ya daɗe a cikinsa kamar rumbu ne cike da irinsa. Gayyar yini ɗaya ba ta iya ƙarar da abin da ke cikin wannan rumbu.

Yaya aka yi ya rinjayi ciyawa?

Dattawa sun san garmani tun da daɗewa. Yana nan jefi-jefi a bakin hanya da kan juji, ana tufka igiya da ɓawonsa, ba wanda ya damu da shi. Abin da ya sake shi ne yawanmu da ƙarancin fili. A ƙidayar 1988, mutanen Nijar miliyan 7 ne da ƴan kai. A ƙidayar 2012 sun zarce miliyan 17. Gonaki suka faɗaɗa, aka daina barin ƙasa ta huta, dajin da ke tsakanin gari da gari ya tsuke. Dabbobi ba su ragu ba, sai aka tara su a ɗan abin da ya rage. Kafin wannan ma, farin 1973 da na 1984 sun kashe gamba a wurare da yawa, ita da take riƙe ƙasa shekara da shekaru.

To ku duba abin da ke faruwa a filin da dabbobi suka yi wa yawa. Da ruwa ya sauka, ciyawa da garmani suna tsirowa tare. Dabba tana zaɓe. Ta cinye kyasuwa da komayya da gadagi tun suna ƙanana, ta tsallake garmani. Ciyawa ba ta samu ta yi kai ba, balle ta zubar da iri. Shi kuwa ba mai taɓa shi, ya yi fure, ya yi ƴaƴa, ya zubar. Baɗi irin ciyawa ya ragu a ƙasa, nasa ya ƙaru. Da ya yi kauri sai ganyensa ya rufe ƙasa da inuwa, ɗan abin da ya tsiro a ƙarƙashinsa ya rasa rana ya mutu. In aka bi haka ƴan shekaru, sai a nemi ciyawa a rasa.

Bari mu buga lissafin asarar. Malaman kiwo sun ƙiyasta cewa saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar busasshiyar ciyawa kilo 6 da kwata kowace rana. Daga ɗaukewar ruwa zuwa fitowar sabuwar ciyawa, a ƙasarmu, yakan kai wata 9, wato kwana 270. Kilo 6 da kwata sau 270 ya kusa kilo 1700. Wannan na saniya ɗaya ne. Abin da daji bai ba ta ba, daga aljihun mai ita zai fito, ya sayi kara da harawa da dusa da tsadar bazara, ko ya sayar da ita da arha, ƙashi da fata. Nono in ya ragu a ƙwarya, yara ne suke fara ji a jikinsu.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Garken da ya bi burtali bai sami abin ci ba, idonsa yana kan gonar da ke gefe. Daga ɓarnar gona ake fara cacar baki, daga cacar baki a kai ga sanda da takobi. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da Toda ba, a ƙasar Gidan Rumji, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 a watan Oktoba na 1991, akasarinsu mata da yara. Ba mu ce garmani ne ya jawo wannan masifa ba. Amma duk abin da ya rage abincin dabba a burtali yana matso da garke kusa da gona. Saboda haka manomi yana da riba a gyaran burtali daidai da makiyayi.

Lokacin cirewa

A cire garmani tun bai yi fure ba. A yawancin wurarenmu wannan yana nufin daga tsayuwar damina zuwa farkon Agusta. Ga alama mai sauƙin riƙewa: ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa, ta tarar an gama zagaye na farko.

Mun san wahalar da ke nan. Wannan lokaci shi ne na noman hatsi, kowa hauyarsa tana gonarsa, ba mai son a kira shi aikin daji. Shi ya sa ake yawan ɗage gayyar zuwa bayan girbi, lokacin da hannu ya sami sarari. Amma bayan girbi garmani ya riga ya zubar da ƴaƴansa. Wanda ya tumɓuke shi a lokacin, ya jawo shi ta cikin fili yana girgizawa, shuka shi ya yi. A ganinmu gara gari ya keɓe safiya ɗaya kowane mako, tsakanin noman farko da maimai, da a tara mutum ɗari a watan Nuwamba a yi aikin banza.

A zaɓi safiyar da ta biyo bayan ruwa, ƙasa tana da taushi. Babban gindi a kama shi daga ƙasa da hannu biyu, a ja shi tsaye har saiwar ta fito. Ƙanana da suka tsiro tsam-tsam a bi su da hauya, a datse su ƙarƙashin ƙasa. In filin yana da girma, garmar shanu tana taimako, amma a yi ta sama-sama. Huɗa mai zurfi a jigawa tana fito da tsoffin ƙwayoyin da ke binne, tana kuma bai wa iska damar kwashe ƙasa.

A fara daga inda yake ɗai-ɗai, a nufi inda ya yi kauri. Mutane sukan so su afka wa babban kurminsa don a ga aikinsu, alhali gindi ɗaya da ke tsaye a tsakiyar ciyawa mai kyau shi ne kurmin gobe. In filin yana da gangare, a fara daga tudu, domin ruwa yana gangaro da iri. Kada kuma a yanko abin da ba a iya gamawa. Eka ɗaya, wato mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, in an gyara ta sosai, ta fi eka 10 da aka taɓa aka bari.

Wanda aka cire bai yi fure ba, a bar shi nan kwance, saiwa tana kallon rana. Zai bushe ya rufe ƙasa, ya riƙe laima, daga baya gara ta mai da shi taki. Wanda ya riga ya ɗaura ƴaƴa kuwa a ɗauke shi a hankali cikin buhu, a tara a wuri guda da aka share kewayensa, a ƙone shi lokacin da ba iska, mutane suna tsaye har wutar ta mutu. Kada a sa wa fili wuta gaba ɗaya. Wuta tana cinye irin ciyawar da ke kwance a sama, ba ta kai wa ga ƙwayoyin garmani da ke binne, kuma kowa ya san inda wutar daji take farawa, ba a san inda za ta tsaya ba.

Lafiyar masu aikin

Kurmin garmani maɓoyar maciji ce da kunama. A sa takalmi, a buga wurin da sanda kafin a sa hannu. Wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure shi tamau. A kwantar da shi, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa gidan likita nan take. Wanda hauya ta yanka ya wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, ya je a duba ko yana bukatar allurar tetanos, ciwon nan mai ɗaure muƙamuƙi ya sandarar da jiki.

Wasu za su ce me zai hana a fesa maganin kashe ciyawa a huta. Maganin yana ƙone abin da ya tsiro ne, ba ya taɓa ƙwayar da ke barci a ƙasa. Mafi yawan wanda ake sayarwa a kasuwa ba ya zaɓe, da garmani da ciyawar da muke nema duk yake kashewa. Ga filin kiwo kusa da rijiya da tabki, inda mutum da dabba suke sha. Shawararmu ita ce kada a fesa kome a filin jama'a ba da sanin malamin gona ba. Galan ɗin da ya taɓa ɗaukar magani kuma ba a zuba masa ruwa ko mai ko fura, kome wankin da aka yi masa.

Tun da muna maganar lafiya, ga wani gargaɗi. Ana amfani da garmani a maganin gargajiya a ƙasashe da yawa, har da Indiya. Yana ɗauke da wani sinadari da ake kira efedirin, mai sa zuciya ta yi saurin bugawa, jini ya hau. A 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta hana sayar da kayan ƙarin kuzari masu ɗauke da wannan sinadari. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mace mai ciki, su nisanci jiƙonsa.

Irin ciyawa, daga kaka ake tanadinsa

Garin da yake son ya yi wannan aiki a damina mai zuwa, tun kakar bana zai fara. Irin ciyawa ba kamar na hatsi ba ne da za a je kasuwa a auno tiya biyu. Sai an bi shi daji a watannin Oktoba da Nuwamba, lokacin da kai ya nuna bai riga ya zube ba. Mata da yara masu zuwa itace, da masu yankan ciyawa, su suka fi kowa sanin inda kowace iri ta rage. A sa su gaba.

Wace ciyawa za a nema? Wadda ƙasar ta sani tun da. Kyasuwa tana saurin tashi, tana yin tsawo, kuma tana jure inuwa, saboda haka ita ce ta fi iya gogayya da garmani. Komayya tana son jigawa, kuma busasshiyarta tana da kasuwa. Gadagi dangin wake ne da gyaɗa, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma masu doki da masu kiwon rago sun san darajarsa. Ƙarangiya ba mai son ta a ƙafa, amma dabbobi suna cin ta sosai kafin ta yi ƙaya, tana riƙe yashi, kuma kakanninmu sun ci ƙwayarta a shekarun yunwa. Gamba ita ce babba: ba ta mutuwa da rani, tana tohowa tun kafin sauran su tsiro, ga zana ga jinka. Marak ma abinci ne mai kyau, sai dai yana kumbura cikin dabba in ta cika shi ɗanye a farkon damina, don haka kada ya yi yawa a cikin haɗin.

A haɗa iri uku ko huɗu, kada a dogara ga guda. Damina ba ɗaya ba ce. Shekarar da wannan ya ƙi, wancan zai yi.

A zage kan da hannu ko a yanke shi da lauje, a shanya ya bushe sarai, a zuba a buhu, a rataye a rumbu ko a ɗaki, nesa da laima da gara da ɓera. Kada a ɗebi iri a wurin da garmani yake tsaye. Kada kuma a ƙwaƙule wuri tas, a bar masa abin da zai tsiro baɗi. Akwai wata taska da ake rainawa: ɓurɓushin da ke zuba a ƙarƙashin tarin ciyawa, a gida ko a wurin masu sayarwa. Cike yake da iri. A share shi, a bushe shi a faifai, a duba da kyau a tsince ƴaƴan garmani.

Da bazara a gwada irin. A ƙirga ƙwaya 100 ta kyasuwa ko ta gadagi, a shuka a fasasshiyar tukunya mai yashi, a riƙa ba ta ruwa mako 2, a ƙirga abin da ya fito. Ba a yin gwajin da kaka, domin sabon irin ciyawar daji yakan yi barci na ƴan watanni kafin ya yarda ya tsiro. In kaɗan suka fito, ba sai an zubar da irin ba. A ƙara yawan abin da za a watsa.

Shuka

Ranar da aka cire garmani, ko kashegari, ita ce ranar shuka, tun ƙasa tana da laima kuma a buɗe take. Kada a yi gaggawa da ruwan farko. In ruwa ya ɗauke mako biyu ko uku, tsiron zai ƙone, irin da aka sha wahalar tarawa ya tafi. A jira damina ta tsaya.

A ɗan kartar fuskar ƙasa da hauya. A cuɗa irin da yashi mai ɗan laima, don iska kada ta ɗauke shi kuma ya watsu daidai. Yashi ya fi takin turke a nan, saboda abin da muka faɗa game da kashin dabbobi. A raba irin biyu: rabi a watsa ana tafiya daga gabas zuwa yamma, rabi daga kudu zuwa arewa, don kada a bar gurbi. Sannan a ja reshen ƙaya a kai. Wannan rufin ya isa. Irin ciyawa ƙarami ne ƙwarai, in aka binne shi kamar hatsi ba shi da ƙarfin fitowa.

A fako, inda ƙasa ta daskare ruwa yana gudu a kanta, watsa iri kawai asara ce. Sai an tare ruwan. Mutanen Adar sun gwanance da ginin rabin wata: rami mai siffar jinjirin wata, faɗin bakinsa mita 4, zurfinsa kamar taƙi ɗaya, bakin yana kallon tudu, a tara ƙasar a bayansa. Ana jera su a karkace, layi yana toshe gurbin layi, kuma eka ɗaya tana ɗaukar 313. Da rani ake gina su. A cikinsu ake watsa irin. Gamba kuwa ta fi kamawa in aka tsaga gindinta aka dasa a tsakiyar damina, a bisa kunyar rabin watan ko a kan iyakar fili.

Inda garmani ya yi kauri ƙwarai, masu binciken aikin gona a Nijar sun gwada shuka yakuwa da tafasa a shekarar farko. Suna tashi da sauri, ganyensu yana rufe ƙasa, sai su yi wa garmani abin da yake yi wa ciyawa. Yakuwa tana da ƙarin riba: ga ganyen miya, ga zoɓo, ga daddawar batso. Amma mu yi hattara da abu biyu. Tafasa ma tana iya mamaye wuri in an bar ta. Yakuwa kuma kada ta zama ƙofar da wani zai bi ya mai da filin kiwo gonarsa. In an shuka ta, ta gari ce, kuma ta shekara ɗaya ce, ciyawa ta biyo baya.

Tsaro

A nan ne aiki yake yawan lalacewa. An cire, an shuka, ciyawa ta fito kore, sai garke ɗaya ya shiga da dare. Da safe an koma gidan jiya.

Filin da aka shuka yana bukatar hutu na damina guda cur, har ciyawar ta yi kai ta zubar da iri. Amma ba mutum ɗaya ne zai tashi ya ce ya rufe daji ba. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, da dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, sun tabbatar da cewa burtali na jama'a ne, ba mai ikon mallake shi ko toshe shi. Dokar 1993 ce ta kafa hukumomin filaye, waɗanda muke da su har a matakin gari. Saboda haka tun kafin a taɓa hauya a zauna: mai gari, da sarkin noma, da shugabannin makiyaya, da mata, da masu yankan ciyawa, da hukumar filaye. A yarda a kan wurin da za a rufe, da ranar rufewa, da ranar buɗewa, da tarar wanda ya karya. A rubuta, kowa ya sa hannu, a ajiye takardar. A kuma aika wa makiyayan da suke ratsowa da garkensu kowace shekara, domin mutum ba ya kiyaye dokar da bai ji ba.

Burtali ba ya rufuwa gaba ɗaya, tun da dole dabbobi su wuce. A raba shi a tsaye: bana a gyara gefe ɗaya, garke ya bi ta ɗayan, in wannan ya kafu a juya. Filin kiwo kuma a kasa shi uku, a fara da kashi ɗaya. A sa alamun da ake hangowa daga nesa. In za a yi shinge da ƙaya, a yi da rassan da aka rage wa itace, ba a sare itacen daga gindi ba. Mai gadi ya fi shinge, kuma ana iya biyansa daga kuɗin ciyawar da za a yanka.

Mako 3 bayan shuka, a koma. Za a tarar sabon garmani ya tsiro a tsakanin ciyawa, daga rumbun nan na cikin ƙasa. Wannan karon da hannu za a cire shi, don kada hauya ta tafi da ciyawar. A sake komawa a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, a tsince duk wanda ya ɓuya yana shirin fure. Yara suna da ido a wannan aiki fiye da manya.

Da kaka, kada a yanki ciyawar sai irinta ya zube. In za a yanka, a bar mata gindi kamar taƙi ɗaya, kuma kada a bi da manjagara a share ƙasa tas. Ɓurɓushin da ya rage shi ne bargon da zai hana iskar hunturu kwashe irin.

A wasu wurare ana biyan mutane kuɗi ko abinci don su cire garmani. Taimako ne, ba mu raina shi ba, musamman a shekarar da rumbu ya yi ƙasa. Amma biyan yakan ƙare a zagaye na farko, garmani kuwa ba ya ƙarewa a nan. Garin da ya ce ba zai koma zagaye na biyu ba sai an biya shi, filinsa ne zai koma yadda yake, kuma shanunsa ne za su kwana da yunwa.

Damina ta biyu aikin yana raguwa. A cire abin da ya fito tun yana ƙarami, a ƙara iri a guraben da ciyawa ba ta kama ba. A lokaci guda a toshe hanyoyin da yake dawowa: a tumɓuke na bakin rijiya da na kasuwar dabbobi da na bayan gari. Takin turke a zuba shi a rami, a riƙa jiƙa shi ana juyawa har ya yi zafi ya ruɓe, domin zafin yana kashe ƙwayoyi da yawa. Mai son karan garmani don igiya ko danni ya kakkaɓe ƴaƴan a wuri guda ya ƙone, kafin ya ɗauko shi gida.

A damina ta uku, in ciyawa ta rufe ƙasa, ana iya buɗe wa dabbobi. Sai dai a ƙayyade lokacin shiga, kada su faɗa mata tun tana ƙarama a makonnin farko. Kashi ukun nan da aka yi wa filin su ci gaba da aiki: kowace shekara kashi ɗaya ya huta har ciyawarsa ta zubar da iri, baɗi hutun ya koma kan na kusa da shi. A rubuta juyin a takardar nan da aka sa wa hannu, a karanta ta a gaban jama'a kowace bazara kafin ruwa ya sauka.